Shafi Na Biyu Da Ban Karanta Musu Ba

Wannan saƙo ya shigo mana ta akwati, mai shi ta roƙi a sakaya sunanta, mun sakaya.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, maza da mata. Don girman Allah shawararku nake nema, kuma kafin ranar Alhamis nake nemanta, in ta wuce Alhamis kowa ya riƙe abarsa. Na san halin wasunku, layi biyu za ku karanta ku fara zagi. Ku zaga ban hana ba, ni ma na zagi kaina, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna.

Ni ma'aikaciya ce a wata ƙungiya mai aikin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ga wanda ba ɗan wajenmu ba, mutanenmu suna haƙo dutsen zinariya su kawo gida a daka ko a niƙa, ƙurar nan akwai dalma a cikinta, ita ke kashe ƙananan yara ko ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Maza ma'aikata ba sa shiga gidajen matan aure, shi ya sa aka ɗauki mata. Mu ne masu shiga gida-gida, mu duba tsakar gida, mu rubuta yara, mu yi ta fama da mata a kan su daina daka dutse a turmin da suke surfe. Mu bakwai ne, ni ce babbarsu, kuma ba da kyawun fuska na zama babba ba.

Lokacin da na fara aikin ina da ciki wata biyar. A wancan zamanin ba wani abu wai shi hutun haihuwa, aikin kwantiragi ne, in kin zauna gida sati biyu an sa wata a gurbinki. Na haihu ranar Talata, aka yi suna, kwana biyu bayan suna ina bayan babur a hanyar Adabka, duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake faɗi. Ko wankan jego ban gama ba. Na bar yaron wurin Innata tana ba shi madarar gwangwani da ruwan rijiya, ni kuma nono na zuba har ya jiƙa mini hijabi, in naɗe tsumma in cusa in ci gaba da aiki. Wata huɗu ya yi, gudawa ta ɗauke shi ina ƙauye, sai da na dawo da la'asar na tarar har an kai shi. Washegari oga ya yi mini gaisuwa ya ce in huta kwana uku. Na huta kwana ukun na koma, babu wanda ya sake tayar da maganar, ni ma ban sake ba.

Bara aka canja mana shugaba a babban ofis na Gusau, aka kawo wata mace, Madam muke ce mata. Ba ta daɗe ba ta aiko da sabon tsari a kan mata ma'aikata, takarda shafi biyu da Turanci. Ogan ofishinmu na Anka dattijo ne ɗan gidan malamai, mutum mai kunya, ya kira ni ya miƙo mini takardar yana kallon bango. Ya ce, "Hajiya, wagga magana ta mata ce, akwai zancen ciki da shayarwa, ni ba ni iya karanta ta gaban matan mutane. Ki tara su ki fassara musu, su sa hannu ki kawo." Daga ranar bai sake tambayata ba, kuma na san ba zai taɓa tambaya ba.

Na zauna na karanta ni kaɗai. Shafin farko ya ce daga yanzu albashinmu daidai yake da na maza, don da can masu taimako ake kiranmu alhali mu ke shan ƙurar, kuma za a riƙa tura mata kwas don ƙarin girma. Na ji daɗi har na yi hamdala. Sai na juya shafi na biyu. Mace mai ciki, da zarar ta faɗa, za a cire ta daga shiga ƙauye a ba ta aikin ofis, albashinta cikakke. In ta haihu hutun wata uku, albashinta cikakke. In ta dawo ba za ta shiga ƙauye ba har ta yaye, za a ware ɗaki a ofis a ɗauki mai reno, ta riƙa shiga tana ba ɗanta nono. Wallahi jama'a sai da na sake karanta shafin nan daga farko. Ba murna na ji ba, baƙin ciki na ji. Wato dama ana iyawa. Dama abin bai fi wani ya zauna ya buga shafi ɗaya ba, ni kuma aka bar ni na binne ɗana.

Na tara su a ƙarƙashin dalbejiyar ofis na karanta musu shafin farko. Suka yi ta guɗa, wata har da rawa. Ana cikin hayaniyar na naɗe takardar na miƙa musu wata takardar ta sa hannu, a samanta an rubuta cewa an karanta mana wannan tsari gaba ɗaya kuma mun fahimta. Duk suka sa hannu, ba wadda ta tsaya dubawa, Turancin yawancinsu bai wuce na cika fom ba, kuma sun yarda da ni. Na ce wa kaina wani satin zan karanta musu sauran, ai ba mai ciki a cikinsu. Ɗakin da aka ce a ware kuwa na bari aka ci gaba da tara shebur da buhuna a ciki.

Ƙarya nake yi wa kaina, akwai mai ciki kuma na sani. Zan kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. Ita ce ƙaramarmu, 'yar Gummi ce aure ya kawo ta Anka, mijinta manomi ne yana kuma koyar da allo. Yarinya mai fara'a, irin masu dariya kafin a gama ba da labari, kuma ta fi kowa iya magana da matan ƙauye, gidan da aka kore mu in ta shiga sai a shimfiɗa mata tabarma. Ni na koya mata aiki, Anti take ce mini, in mun sauka daga babur ita ke karɓar jakata. Tun cikin yana wata biyu na gane, na ga tana tsotsar tsamiya tana tofar da yawu a ɓoye. Cikin fari ne, ga kunya, ga tsoron kora, sai ta sayi hijabi har ƙasa ta riƙa ɗaure ciki da ɗankwali. Tana ɓoyewa ina kallonta, maganin tsoronta yana cikin durowata a kulle.

Ba shiru kawai na yi ba, gara in faɗa muku duka. Ni ke raba ƙauyuka duk Litinin, kuma na riƙa ba ta masu nisa, Abare, Tungar Daji, inda injin niƙa ya fi yawa. In ta sauka daga babur tana dafe ƙugu sai in ce mata ragguwa, 'yan matan yanzu ba ku da ƙashi, mu da muka yi ba mu mutu ba. Ta yi dariya ta ce Anti ki yi haƙuri. Kada ku tambaye ni me ta yi mini, ba ta yi mini komai ba. Ina dai jin haushin a ce ita za ta kwanta wata uku ana dama mata kunun kanwa ana biyanta, a ofishin da ni aka ba ni kwana uku. A lokacin har gani nake adalci nake yi.

Da cikin ya ƙi ɓoyuwa ta same ni a bayan ofis ta durƙusa tana kuka, wai in rufa mata asiri kada oga ya ji. Na ce zan yi ƙoƙari. Kun ji fa, zan yi ƙoƙari. Na ce ta ci gaba da fita har wata tara, in ta haihu zan san yadda na yi na ɓoye ta sati uku, in ta wuce haka ba ruwana. Ta kama hannuna tana godiya tana sa mini albarka. Oga kuwa ko ya lura ko bai lura ba, ba mutumin da zai kalli cikin matar wani ba ne, ya ɗauka duk abin da ya kamata na yi.

Ta tafi Gummi wankan gida ta haifi mace. Ranar suna na je da turmin atamfa da sabulu, ina shiga gidan mata suka ɗauki guɗa suna ga mai suna ta iso. Ashe sunana aka sa wa yarinyar. Uwar Rabi ta rungume ni ta ce, "Ke ce uwarta ta wurin aiki, duk abin da kinka yi mata mun ji, Allah shi saka miki." Aka ɗora mini jaririyar a cinya, na ci tuwo na ci naman suna, na yi hoto. Da zan tafi na ja Rabi gefe na tuna mata saura kwana goma sha huɗu. Uwarta ta yi faɗa ta ce ba a taɓa fita da jego ba a yi arba'in ba, Rabi ta yi ta ba ta haƙuri har ta bari.

Ta dawo da ɗanyen jiki. Ba ta da mai riƙe mata yarinya a Anka, uwar mijinta ta rasu, yarinyar kuma ta ƙi karɓar komai sai nono. Sai ta riƙa goya ta su hau babur, in mun isa ta bar ta a bakin gari wurin wata tsohuwa ko a gindin bishiya, ta shiga gidaje, in ta ji kuka ta fito a guje. Rabi ba jahila ba ce, ita ke koya wa mata illar ƙurar nan. Tana canja hijabi, tana wanke hannu da ruwan buta kafin ta ɗauke ta, amma ƙurar da ke gashi da wuya da zani fa, ga iska tana kaɗowa daga wurin injin. Sau ɗaya ta tambaye ni ko akwai yadda za a yi a bar ta a ofis ko na wata biyu ne. Na ce mata ofis ba gidan reno ba ne, in ba za ta iya ba akwai masu jira. Ba ta sake tambaya ba. Anti ƙarama take kiran yarinyar, in na zo wucewa ta ɗaga ɗan hannunta ta ce gai da takwararki.

Yarinyar na da wata bakwai ta fara shiɗewa muna Tungar Daji, ido ya kakkafe, jiki ya sanƙare. Ni na riƙe ta a bayan babur har asibiti don Rabi ba ta iya tsayuwa. Aka ɗebi jini aka ce dalma ce, kuma ta yi yawa. Ta rayu, ana ba ta magani har yanzu, amma yarinyar da ta fara zama ta daina, wuya ba ya tsayawa, in ka kira ta ba ta juyowa. Likita ya ce ba zai iya cewa za ta dawo daidai ko ba za ta dawo ba.

Labari ya kai Gusau, Madam ta zo da kanta, ban taɓa ganin ɓacin rai irin nata ba. Ta tara mu ta tambayi Rabi dalilin da zai sa mace ta ƙi hutun da aka ba ta, ta ƙi aikin ofis, ta ɗauki jaririya ta kai cikin guba. Rabi ta ce wane hutu, ita ba ta taɓa ji ba. Madam ta buɗe fayil ta nuna mata sa hannunta. Rabi ta juyo ta kalle ni, ba kallon tuhuma ba, kallon Anti ki cece ni. Madam ta tambaye ni ko na karanta musu. Na ce na karanta musu duka, shafi biyu. Sauran matan suka sunkuyar da kai, kowace na tsoron bakinta, kuma ni ke rubuta rahoton aikinsu. Sai Rabi ta ce a hankali, wataƙila ranar hankalinta ba ya wurin, don lokacin tana fama da laulayi. Ita da kanta ta nemo mini mafita, ni kuma na karɓa.

An dakatar da ita, kwamiti zai zauna ranar Alhamis, in an tabbatar ta san dokar ta taka ta za a sallame ta. Wannan ma ƙarami ne. Mijinta ya ji cewa an ba ta hutu da albashi ta ƙi, ya ce ta sayar masa da lafiyar 'ya saboda son yawon babur da kuɗin fita, ya tura ta Gummi, ya kuma rantse in kwamiti ya ce ta sani to ta zauna can. A unguwa mata na nuna ta da baki. Ni kuma Madam ta kira ni gefe ta ce ta ga ƙoƙarina, ta sa sunana a sabon muƙami, mai kula da walwalar mata ma'aikata a Anka da Gummi da Bukkuyum gaba ɗaya. Ni ce kuma babbar shaida ranar Alhamis.

Jiya da hantsi Rabi ta zo gidana daga Gummi, ta rame kamar ba ita ba, ta kawo mini ƙullin daddawa wai in ji Innarta. Ta kwance goyo ta ɗora mini takwarata a hannu, kan yarinyar ya langaɓe a damtsena, sai da na tallafe shi. Na ɗauka faɗa ta zo yi, wallahi da na fi so. Roƙo ta zo yi, in sa baki wurin Madam a yi mata sassauci. Da ta gama sai ta ce, "Anti, in kina da takardar nan ki karanta mini, in ji abin da na sa ma hannu."

Tana cikin jakata, tun zuwan Madam na fitar da ita daga durowa. Na ɗauko na karanta mata shafi na biyu, na fassara layi-layi, yadda ya kamata in yi a gindin dalbejiya, yarinyar na kwance a cinyata. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Ashe har da ɗaki da mai reno." Na ce har da su. Ta ce, "Wallahi Anti da na ji wanga ba ni mantawa, ko ina suma." Na kasa ɗaga kai. Sai ta share ido da gefen hijabi ta ce amma tunda na ce na karanta, to na karanta, ita ce Allah ya rufe wa kunne don ya jarrabe ta. Ta goya 'yarta, ta yi mini sallama, har tana cewa in gaida Inna.

To jama'a ga inda nake. Mijina ya rasu shekara uku ke nan, yara uku na makaranta, ga Innata ta tsufa ba ta gani sosai, duk a kan aikin nan muke. In na faɗi gaskiya ranar Alhamis ba muƙami kaɗai zan rasa ba, korata za a yi, kuma a garin nan ba inda zan sake shiga da fuskata, za a ce ga wadda ta nakasa takwararta. In na yi shiru Rabi ta rasa aiki ta rasa aure, ta ƙare rayuwarta tana ganin ita ta cuci 'yarta. Na yi tunanin in je in roƙi Madam a yi mata afuwa ba tare da na tona kaina ba, wataƙila a bar mata aikin, amma mijin fa, kuma ita fa da abin da ke cikin ranta? Na yi tunanin in faɗa wa Rabi ita kaɗai in nemi yafiya, sai na ga kamar wani sabon zalunci ne, in ɗora mata sirrina ta zaɓa tsakanin 'ya'yana da aurenta.

Kada wanda ya ce mini in yi istigfari kawai, ina yi, bai sa wuyan yarinyar ya tsaya ba. Kada kuma wanda ya ce ai ƙaddara ce, na san ƙaddara, ni na riƙe mabuɗin durowar. Abin da nake tambaya, in kai ne ko ke ce, da yara uku da tsohuwa a gida, me za ki faɗa wa kwamiti? Akwai hanyar da zan wanke ta ban hallaka gidana ba, ko babu? In babu ku faɗa mini babu, kada ku lallashe ni.

Ɗazu oga ya aiko a gaya mini an kwashe shebur da buhunan nan, an share ɗakin an shimfiɗa leda, an ɗauki mai reno. Wai Madam ta ce ranar Alhamis in an tashi daga kwamiti ni zan buɗe shi, in yi wa mata jawabi. Don Allah ku ba ni amsa kafin nan.